Takunkumin iyaka da takunkumin suna: wanne canjin gwamnati ke ɗagewa?

Alhaji, kun tambaya ko canjin gwamnati na ɗage takunkumi, har mai odar kaya daga waje ya huta da tarin takardun da banki ke nema. Takunkumin iri biyu ne, kuma kowane da tafiyarsa.

Na farko mun ɗanɗana shi a nan Maraɗi. Sojoji sun kifar da Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023. Ranar 30 ga watan CEDEAO ta zauna a Abuja ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta, babban bankin ƙasashen Yammacin Afirka, BCEAO, ya riƙe kuɗin gwamnati. Hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta mutu, shinkafa da magani suka yi tsada. Irin wannan ba ya tantance mai laifi, talaka ne ya fi jin jiki, kuma har yau abin yana ci mini rai. Amma a zama ɗaya aka sa shi, a zama ɗaya kuma aka cire shi ranar 24 ga Fabrairu 2024, alhali sojojin suna nan kan mulki. Lissafin shugabannin ne ya sauya.

Na biyu shi ne na suna, irin wanda ofishin OFAC na Baitulmalin Amurka ke riƙe da jerinsa: mutane, kamfanoni, jiragen ruwa, wani lokaci har ƙasa sukutum. Wannan kam yana juyawa da wanda ke mulki a Washinton. A 2015 Obama ya shiga yarjejeniyar nukiliya da Iran, aka sassauta a farkon 2016, kamfanoni suka ruga. A watan Mayu 2018 Trump ya fice, dole kamfanin mai na Faransa, Total, ya bar aikin iskar gas da ya kama a Iran. Kuba ma, Biden ya cire ta daga jerin masu tallafa wa ta'addanci a Janairu 2025, ba a yi mako biyu ba Trump ya mayar da ita. Ko Siriya da gwamnatinta ta faɗi a Disamba 2024, da Amurka ta ɗage takunkumin a Yuni 2025 ta bar sunan Assad da mutanensa a jerin.

Nan ne bambancin ya shafi aljihunku. Iyaka in an buɗe, washegari tirela ta wuce. Banki kuwa ba ya saurin sakin jiki, don kusan duk dalar da kuka tura sai ta ratsa wani banki a Amurka, kuma bankuna ba su manta da tarar kusan dala biliyan 9 da aka ci bankin BNP Paribas na Faransa a 2014 kan hulɗa da Sudan da Iran da Kuba ba. Ma'aikacin da ke tambayarku takarda ba wulaƙanci yake muku ba.

Shawarata, Alhaji, kar labarin zaɓe ko juyin mulki ya sa ku sassauta. Ku riƙe takardar ciniki da ta jirgi, ku san cikakken sunan kamfanin da kuke biya da wanda ya mallake shi, domin a ƙa'idar OFAC in waɗanda aka sa wa takunkumi na da rabin kamfani ko fiye, shi ma ya shiga ciki ko sunansa ba ya jerin. In dillali ya ce ku tura kuɗi da sunan wani daban da na takarda, ku tsaya ku tambayi bankinku tukuna.