Sharhi kan ƙwayar harsashin bindigar iska: giram 0.45 ko 0.53, wanne ya dace da fistol ɗin mita 10?

Gwangwani uku ne wannan sharhi ya shafa, dukansu na milimita 4.5, masu ƙwaya 500 kowanne: RWS R10 Match mai giram 0.45, ɗan'uwansa R10 mai giram 0.53, da H&N Finale Match Light mai giram 0.51. Dukansu 'yan Jamus ne, kuma dukansu masu shafaffen kai ne, irin da ake harbin takarda da shi a gasar ƙaramar bindigar iska ta mita 10. Na gwada su a nan Abuja, a fistol mai tukunyar iska, wato kwalbar matsattsiyar iska, da kuma mai famfon hannu na buga ɗaya. Hukuncina tun daga farko shi ne: nauyi yana da tasiri, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Abin da ya fi shi muhimmanci shi ne ƙwayoyin da ke cikin gwangwani ɗaya su yi daidai da juna, kuma su karɓi bututun bindigarka.

Kafin a yi nisa, batun doka. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigar iska, babba da ƙarama, cikin rukunin da sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda ake mallaka, kuma ta hana ƙera harsashi a gida. Saboda haka maganar da ake yi a nan ta ƙwayar kamfani ce da ake saya a gwangwani, ga mai lasisi ko mai atisaye ƙarƙashin ƙungiyar wasan harbi.

Mu fara da lissafi, domin shi ke raba gardama. Fistol ɗin gasa yana fitar da ƙwaya mai giram 0.45 da gudun kusan mita 160 a daƙiƙa. In ka zura mai giram 0.53 ba tare da ka taɓa komai ba, iskar da ke tura ta ba ta ƙaru ba, don haka gudun zai sauko wajen mita 147. A tazarar mita 10, ta farkon za ta sunkuya ƙasa da kimanin milimita 19 kafin ta isa takarda, ta biyun kimanin milimita 22 da rabi. Bambancin milimita uku da ɗoriya ke nan. A ido ba komai ba ne, amma da'irar maki 10 gaba ɗayanta milimita 11.5 ce, kuma a zagayen ƙarshe, inda ake ƙirga maki har zuwa 10.9, kowane ɗigo ɗaya, wato maki 0.1, bai wuce milimita 0.8 ba. Wato sauya gwangwani ba tare da gyara saiti ba zai iya cin ɗigo huɗu a kowane harbi. Maganinsa mai sauƙi ne: in ka koma mai nauyi, ka ɗaga saitin baya kaɗan, ka yi harbi biyar, ka duba, ka ƙara ko ka rage. Abin da ba a yi shi ne a cakuɗa nauyi biyu cikin gwangwani ɗaya don wai duk 4.5 ne.

R10 mai 0.45 shi kamfanin ya yi wa laƙabi da na fistol, kuma a bindiga mai rauni ya cancanci sunan. Fistol mai famfon hannu, irin IZH-46M na Rasha, ba ya kai gudun masu tukunya, don haka yana buƙatar ƙwaya mara nauyi kafin ya huda takarda tsaf. Da mai 0.45 hudar kan fito zagaye, gefenta a yanke sumul kamar an sa abin huda takarda na ofis. Da mai 0.53 a wannan bindigar, sai ka ga gefen hudar ya yage, wani lokaci har da ɗan harshen takarda yana reto a baya. Wannan ba batun kwalliya ba ne. In huda ta taɓa layin da'ira, makin sama ake ba ka, kuma yagaggen gefe shi ke sa alƙali ya ɗauko ma'auni ana ta ja-in-ja. A damina abin ya fi muni, domin takarda kan sha danshi ta yi laushi. Daga Yuni zuwa Satumba a Abuja, ka riƙa ajiye takardun harbi cikin leda a rufe, ka ciro iya waɗanda za ka harba.

A fistol mai tukunya, irin su Steyr, Walther, Morini ko Feinwerkbau, labari ya sha bamban. Ƙarfinsu ya ishi kowanne daga cikin ukun, kuma a nan ne sunan "na babbar bindiga" da ke jikin mai 0.53 ke yaudarar mutane. Ba haramun ba ne a fistol. A bututun da na gwada, mai 0.53 da H&N mai 0.51 sun fi tara huda wuri ɗaya, mai 0.45 kuma yakan ɗan warwatsa sama da ƙasa. Wani bututun zai iya nuna akasin haka, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su a shekara ɗaya. H&N ɗin, a ganina, shi ne na tsaka-tsaki: bai yi wa mai famfo nauyi sosai ba, bai kuma yi wa mai tukunya rashin nauyi ba. Wanda ke da bindiga iri biyu kuma ba ya son tara gwangwanaye, shi zan ce ya fara da shi.

Sai girman kai, wanda yawancin masu saye ba sa ko juya gwangwani su duba. A ƙasan gwangwanin akwai 'yar takarda da aka rubuta 4.49 ko 4.50 ko makamancin haka, tare da lambar rukunin da aka buga ƙwayoyin. Bambancin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ne, amma yatsa yana jin sa. Ƙwayar da ta dace takan shiga bakin bututu na baya da ɗan turjiya kaɗan, sannan siket ɗinta, wato gindinta mai rami, ya zauna daidai da bakin. Wadda ta faɗa ciki da kanta ta yi ƙanƙanta: iska za ta zurare ta gefenta, tsagar da ta murɗe a cikin bututu ba za ta kama ta da kyau ba. Wadda sai ka danna da farce ta yi girma, kuma garin dannawa kana lanƙwasa siket ɗin. Siket shi ne ke buɗewa ya toshe iska a lokacin harbi. In ya lotsa ta gefe ɗaya, iska ta fi fita ta can, ƙwaya ta bar bakin bututu a karkace, sai ka ga maki 8 a harbin da ka tabbata 10 ne.

Ga yadda ake gwaji na gaskiya. Ka cika tukunya zuwa ba 200 ("bar", ma'aunin matsin iska), ko iyakar da aka rubuta a jikinta, kada ka wuce. Ka ɗaure bindigar a matsi irin na teburin makaniki, ka sa fata ko roba tsakani, kuma ka kama ta ta jikin ƙarfen da marikin ke ɗaure a kai, ba ta tukunya ba. Matsa tukunya ganganci ne. In babu matsi, jakar yashi ma ta yi, sai dai hannunka zai shiga cikin sakamakon. Ka fara da harbi goma na banza da sabuwar ƙwayar, domin dalmar kowane kamfani tana barin nata shafe a bututu, kuma harbin farko-farko bayan sauyi ba abin dogaro ba ne. Daga nan ka yi tari uku, kowanne harbi goma, a takarda daban-daban. Biyar ba ta isa ba. Sa'a kaɗai na iya haɗa huda biyar. Ka auna faɗin kowane tari daga gefe zuwa gefe, ka cire 4.5, abin da ya rage shi ne warwatsuwar. Ka kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki da ke hura layin harbi, ko da zafin watan Maris zai sa ka yi da-na-sani. Rukunin da ya ci, ka rubuta lambarsa, ka saye shi da yawa in aljihu ya yarda. Ana sayar da su ɗauri-ɗauri, gwangwani goma, ƙwaya 5,000. Rukuni na gaba, ko da suna ɗaya da nauyi ɗaya, sabon gwaji yake buƙata.

Wasu kan sayi ƙaramin sikeli su riƙa auna ƙwaya ɗaya-ɗaya. In za ka yi, sai mai karanta giram 0.001, na 'yan gwal mai 0.01 ba zai nuna maka komai ba. A kan waɗannan ukun dai ɓata lokaci ne, domin ba zuba su ake yi a narke ba, matsa dalmar ake yi da inji a cikin ma'auni, shi ya sa nauyinsu ke tafiya kusan bai ɗaya. Inda sikeli ke tona asiri shi ne ƙwayoyin araha marasa suna da ake sayarwa a leda: wata da kumfar iska a ciki, wata da tsinin dalma a gefen kai, wata siket ɗinta ya fi na 'yar'uwarta kauri.

Kuɗi fa? Daga waje ake kawo su, farashinsu na bin canjin Yuro, kuma R10 da Finale suna cikin masu tsada. Wanda har yanzu yake fafutukar zama cikin baƙin da'ira, wato maki 7 zuwa sama, faɗin milimita 59.5, ba ya buƙatarsu. Rawar hannunsa ta ninka bambancin ƙwaya sau da yawa. RWS Meisterkugeln, wanda shi ma akwai 0.45 da 0.53, ko ma RWS Hobby mai 0.45, sun ishe shi atisaye. A gasa harbi 60 ne. Gwangwani ɗaya na mai tsada zai kai ka gasa da dama in ba ka ƙona shi a atisayen yau da kullum ba.

Masu fistol na gas ɗin CO2 su lura da wani abu. Matsin wannan gas yana bin zafi: kusan ba 57 a digiri 20, ya haura 70 a digiri 30, kuma da ya wuce digiri 31 ba ya zama ruwa a cikin kwalbar, sai matsin ya daina tsayawa wuri ɗaya. A Abuja, inda zafin bazara ke wuce haka da rana, gwajin da ka yi da safe ba lalle ya yi daidai da na azahar ba, kuma wasu bindigogin kan ƙi buɗe bawul sosai in matsi ya yi yawa, gudu ya faɗi. Kada ka ɗora wa nauyin ƙwaya laifin da ke na rana. Haka kuma kada a bar kowace irin tukunya a cikin mota a rufe.

Akwai kuma ƙwayoyin kuza marasa dalma, masu kimanin giram 0.34. Suna da gudu, amma kuza ta fi dalma tauri, siket ɗinsu ba ya buɗewa da sauƙi a ƙarfin fistol, kuma sun fi dawowa baya in suka bugi ƙarfe. Ban ga dalilin fifita su a mita 10 ba sai in wurin harbin ya hana dalma. Ita kuwa dalma, wanda ya tuna yaran da gubarta ta kashe a Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon wa'azi: kada ka riƙe ƙwaya a baki, ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, ka tattara tarkacen da ke cikin akwatin tare harsashi cikin kwalba mai murfi, nesa da yara.

Wajen saye, ka duba tef ɗin da ya zagaye murfin bai yanke ba, ka girgiza gwangwanin a hankali. In ƙwayoyi suna kaɗawa da yawa, soson da ke saman su ya fita ko an rage su, kuma doguwar tafiya ta riga ta lotsa siket da dama. In ka buɗe ka ga sun yi fari-fari kamar an barbaɗa toka maimakon sheƙi, sun daɗe a danshi. Wannan farin yana da kaushi, yana canja yadda suke zama a bututu, kuma ya fi manne wa yatsa. A lokacin hunturu, ka ɗebi na harbin ranar cikin ƙaramin akwati ka rufe sauran, domin ƙurar da ta hau kan ƙwaya cikin bututu za ta ƙare. Bayan kowane gwangwani ɗaya ko biyu, ka ja busasshen ƙyalle ta cikin bututun da zare mai ƙarfi, daga baya zuwa gaba, har ya fito ba baƙi sosai. Kada man inji ko wani mai na fetur ya kusanci tukunya da bawul, domin a ƙarƙashin matsin ba 200 yana iya kamawa da wuta. Man silikon kaɗan a kan robar da ke toshe iska ya isa. Ka kuma duba shekarar da aka buga a jikin tukunyar: a ƙa'idar gasa, in ta cika shekara goma an daina amfani da ita.