Taswirar da ke bayan mujallar jirgin Habasha

Duk sanda na shiga jirgin Ethiopian Airlines, kafin a rufe ƙofa sai na zaro mujallarsu mai suna Selamta daga aljihun kujerar da ke gabana, in buɗe shafukan ƙarshe inda aka zana garuruwan da suke sauka. Layuka ne suka fito daga Addis Ababa suka bazu kamar saƙar gizo-gizo. Shekara goma ke nan ina bin wannan kamfani daga Kano zuwa Guangzhou sarin kaya, wani lokaci Dubai, sau biyu kuma Jidda don Umara, kuma akwai tsofaffin mujallun nan da na adana a gida. In na jera su sai in ga garin da ya shigo, in ga wanda ya ɓace. Da wannan taswira nake auna kamfanin, domin ni ɗan kasuwa abin da ya fi damuna shi ne ko jirgi zai kai ni inda zan je, kuma ko baɗi ma zan same shi a wannan hanya.

A watan Disambar 1945 aka kafa kamfanin, zamanin Sarki Haile Selassie, da taimakon kamfanin TWA na Amurka. Tafiyarsa ta farko zuwa wata ƙasa ranar 8 ga Afrilun 1946 aka yi ta, da ɗan jirgi mai farfela samfurin C-47 irin wanda aka yi Yaƙin Duniya na Biyu da shi, daga Addis Ababa zuwa Alƙahira, ya ya da zango a Asmara, babban birnin Eritiriya na yanzu. Daga nan sai Frankfurt a 1958, sai Sin a 1973 lokacin da babu wani kamfanin Afirka da ke zuwa can, sai Washington a 1998. Yau yana sauka a garuruwa sama da ɗari a wajen Habasha, fiye da sittin daga ciki a nahiyar Afirka suke.

Asmarar nan ita ce ta fi taɓa mini zuciya a duk taswirar. Garin da jirginsu na farko ya fara sauka, shi ne ya koma garin da ba sa iya zuwa. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Habasha da Eritiriya a 1998, aka rufe hanyar, ta yi shekara ashirin a rufe, alhali tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce. Iyalai sun rabu, uwa na can ɗa na nan. Bayan Firaministan Habasha Abiy Ahmed da Shugaban Eritiriya Isaias Afwerki sun yi sulhu, jirgi ya sake tashi zuwa Asmara ranar 18 ga Yulin 2018, kuma duk wanda ya ga hotunan mutane suna rungume juna suna kuka a filin jirgin ba zai manta ba. Na yi tafiya 'yan watanni bayan haka, na duba taswira na ga sabon layin, na yi hamdala kamar ina da dangi a can. A Satumbar 2024 dangantaka ta sake tsami, aka sake dakatar da zuwa. Mogadishu ma haka ta yi shekara arba'in da ɗoriya ba sa sauka, sai a ƙarshen 2018 suka koma.

Mu a nan, tun 1960 suke zuwa Legas, shekarar da Najeriya ta sami 'yancin kai. A wancan zamani mutumin Afirka ta Yamma in zai je gabashin nahiyar, sau da yawa sai ya fara zuwa Turai sannan ya dawo, kuma wannan kamfani yana cikin na farko da suka haɗa gabas da yamma kai tsaye. Daga baya Abuja ta shigo, Inugu a 2013, Kano a 2014. Shigowarsu Kano ta zo a kan gaɓa, don kamfanin KLM na Holan da ya daɗe yana sauka a filin Malam Aminu Kano ya tattara ya bar garin a 2012, Nigeria Airways kuwa tun 2003 ya zama tarihi. Kafin haka in zan yi tafiya sai na kwana a Legas ko Abuja, ga kuɗin masauki, ga ɗawainiyar kaya a dawowa. Yanzu da rana nake barin gida, kimanin awa huɗu da rabi ina Addis, agogonsu yana gaban namu da awa biyu, tsakar dare kuma in hau na Sin.

Abin da ya sa na riƙe su da amana kuwa ya faru ne a watan Maris na 2017, lokacin da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida don gyaran titin saukar jirage, aka ce kowa ya koma Kaduna. Manyan kamfanonin Turai suka ƙi, suka gwammace su dakatar da zuwa har a gama. Ethiopian ya zo, kuma da Boeing 787 Dreamliner ya sauka a Kaduna, jirgin da shi ne kamfanin Afirka na farko da ya mallaka tun 2012. Bayan an buɗe Abuja ma sun ci gaba da zuwa Kaduna na wani lokaci kafin hanyar ta tsaya. Zumunta a ƙafa take, kuma ranar da aka buƙace su sun tako. Ina da mujallar da ke ɗauke da sunan Kaduna a jikin taswira, ita ce na fi lallaɓawa a cikinsu duka.

Ba kowane layi ne ke ɗorewa ba, ya kamata matafiyi ya san haka. Los Angeles ta shigo a 2015 ta hanyar Dublin, aka mayar da ita ta Lome, daga baya aka ajiye ta. Houston ta zo a ƙarshen 2019, annobar korona ta tarar da ita ko kafuwa ba ta yi ba. Rio de Janeiro ma ta fita, Sao Paulo ta ɗore, Atlanta ta shigo a 2023. Na lura hanyoyin nesa su ake yawan gwadawa a sauya. Na cikin Afirka, irin su Yamai, Njamena, Akara, Nairobi da Duwala, ba kasafai ake taɓa su ba, ga kuma kamfanin ASKY na Lome da suke da hannu a ciki yana tara musu fasinjojin yammacin nahiyar.

Ba zan tsallake ranar 10 ga Maris na 2019 ba. Jirginsu samfurin Boeing 737 MAX 8 da ya nufi Nairobi ya faɗi kusa da Bishoftu mintoci kaɗan bayan tashi, mutum 157 suka rasu, cikinsu har da marubucin nan ɗan Najeriya, Farfesa Pius Adesanmi. Bayan wannan hatsari aka dakatar da samfurin jirgin a duniya baki ɗaya, aka shiga gyaran na'urar da ke danna hancinsa ƙasa. Tafiyata ta gaba na yi ta da addu'a mai yawa a bakina, amma ban sauya kamfani ba.

Ga wanda zai bi su karon farko, filin jirgin Bole na Addis Ababa tsarinsa guda ne: jiragen Afirka su taru da yamma, na Asiya da Turai da Amurka su tashi da dare, da asuba su dawo, da safe a rarraba mutane zuwa garuruwan Afirka. In jiranka ya kai daga awa takwas zuwa ashirin da huɗu kuma babu jirgin da ya fi kusa, kamfanin kan ba da masauki da abinci da motar kai da komo. Sau ɗaya na kwana a otal ɗinsu na Skylight da ke dab da filin, na yi wanka na yi salla a natse, na yi barci mai daɗi. Ka riƙe rigar sanyi a jakar hannu, domin Addis tana kan tudu mai tsawon sama da mita 2,300, iskar darenta ta fi ta hunturu shiga jiki. Ka kuma yi rajistar ShebaMiles, shirinsu na tara maki, tun tafiyar farko, tun da kamfanin yana cikin ƙawancen kamfanonin jiragen sama na Star Alliance tun 2011, makin da ka tara zai yi maka amfani a wasu jiragen.

A tafiyata ta ƙarshe wani dattijo ɗan Zariya ne ya zauna kusa da ni, zai je Indiya ganin likita. Ya ga ina bin taswira da yatsa, ya ce, "Alhaji, me kake nema haka?" Na ce, "Baba, Kaduna nake dubawa ko ta dawo." Ya karɓi mujallar, ya gyara tabarau, ya duba da kansa, ya ce in da tana nan da bai yi sammakon zuwa Kano da ciwon ƙafarsa ba.