Wace tsohuwar motar aiki zaka saya in ɗakin kwana kake so ka mayar da ita?

Aikina haɗa sola ne na rijiyar burtsatse, kuma kusan duk aikin a ƙauye yake, wani lokacin kwana huɗu wani lokacin sati guda, a garin da ba masauki sai dai mai gari ya baka zaure ko ka shimfiɗa tabarma a ajin firamare. Abin da ya sa na fara kwana a mota kenan, da farko katifa kawai na jefa a bayan hayis tsakanin fanel da nadin waya, daga baya nace toh tunda nan ne ɗakin bari a gyara shi ya zama ɗaki na gaske. Tun daga lokacin safiyo da masu bin kasuwannin ƙauye sayen hatsi suna yawan tsayar da ni suna tambaya wacce mota ce ta fi.

Dan Allah kafin komai ka cire hotunan YouTube ɗin nan na Turawa masu mayar da mota ɗaki daga ranka. Bature yana gina tasa ne don ya tsare sanyi, kuma duk inda ta lalace akwai mai kwamfutar da zai duba ta. Kai rana ce abokiyar faɗanka, ranar watan Afrilu da ke wuce digiri 40 a Kano da Sakkwato, sannan ranar da motar zata tsaya maka ba a bakin kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano zata tsaya ba, a wani ƙauye ne mai bakanike ɗaya. Ni da wannan nake auna kowace mota, wa zai iya gyara ta a inda nake zuwa, sai kuma jikinta, tsatsa ta ci ko bata ci ba. Kyau da faɗi duk suna bayan waɗannan.

Hayis zan fara da ita don ita na sani ciki da bai. Wadda ake cewa homa ta fito ne a 2004, yawancin na nan masu fetur ne injin 2TR, lita 2.7, kuma ba garin da zaka shiga a rasa wanda ya san wannan injin, kayanta kuwa daga Panteka ta Kaduna har Ladipo ta Legas a zube suke, sabo da na Belgium. Tayoyin baya ne ke ja, saboda haka in ka loda mata kaya a baya riƙe ƙasa take ƙarawa. Amma fa ba zaka miƙe tsaye a cikinta ba, ko mai dogon rufin wajen mita 1.6 ne daga ƙasa zuwa sama, mai gajeren rufi kuwa ko mita ɗaya da rabi bata kai ba, komai a durƙushe ko a zaune, saka wando ma aiki ne. Inda abin ya fi damuna shi ne damina, ruwa ya tsuge tun la'asar har isha ba inda zaka shimfiɗa sallaya a waje, a ciki kuma ba tsayuwa. Sannan injin a ƙarƙashin kujerar gaba yake, in ka yi doguwar tafiya ka tsaya zafinsa na hawowa cikin ɗakin har tsakar dare. Tsada kuma tana da ita, don da 'yan haya kake takara wajen saye, kuma wadda ta fito daga tasha ta riga ta ga duniya, sufirin ya kwanta, ƙofar gefe sai an ɗaga ta da kafaɗa. In zaka samu wadda wani kamfani ko makaranta suka yi amfani da ita ta fi, in ka dace da mai rufaffen jiki marar gilasai a gefe ka riƙe ta da hannu biyu, kowane gilashi ƙofar zafi ne.

Sprinter ita ce wadda kowa ke mafarki, kuma gaskiya in ka shiga mai dogon rufi ka miƙe tsaye kanka bai taɓa sama ba zaka gane dalili, kusan mita 1.9 take a ciki. Mercedes sun fara ta a 1995. Ta farkon, irin 312D mai silinda biyar, injin ne mai haƙuri marar yawan lantarki, sai dai shekaru sun ja kuma tsatsa ce ciwonta, ƙasan ƙofofi, kewayen gilashin gaba, saman tayoyi. Daga 2000 aka koma CDI, wato injin dizal da kwamfuta ke sarrafawa, in zaka duba irin wannan ka sa a buɗe murfin saman inji ka kalli gindin injekta, in ka ga wani baƙin abu ya daskare kamar kwalta toh hayaƙi na tsiyaya ta wajen, cire injektar nan kaɗai na iya cin kwana biyu da kuɗi masu kauri. Na 2006 zuwa sama sun fi daɗin tuƙi amma da yawansu da matatar hayaƙi suke zuwa, sabbin ma har da tankin AdBlue, wani ruwa na rage gubar hayaƙi, abubuwan da ba sa jituwa da dizal ɗin bakin hanya, sensa ɗaya ta ɗauke sai motar ta ƙi ja, ka taka har ƙasa tana tafiyar hawainiya. Wanda zirga-zirgarsa Abuja, Kaduna, Jos ce kan kwalta, yana da bakanike a Apo ta Abuja da ya san ta, ba laifi ya saya. Wanda zai shiga daji ya yi tunani sau biyu.

Transit ta Ford tana tsaka-tsaki, ta fi Sprinter sauƙin kuɗi, mai dogon rufinta ana tsayuwa, akwai mai jan gaba akwai mai jan baya sai ka leƙa ƙasa ka tabbatar wacce ce. Ita ma tsatsa na cin ta sosai, musamman na 2000 zuwa 2013, har ƙarfen shasi. Na 2016 zuwa sama masu injin EcoBlue kuwa bel ɗin taimin a cikin baƙin mai yake wanka, in ba ainihin man da aka ce ake zuba masa ba sai ya fara marmashewa ya toshe hanyar mai inji ya buga. Mu da ake juye a bakin titi da duk man da aka samu, ni dai ba zan taɓa ta ba.

Sai Boxer da Ducato da Jumper, sunaye uku mota ɗaya, Peugeot da Fiat da Citroën a masana'anta ɗaya a Italiya suke haɗa ta. A Turai yawancin motocin kwana a kanta ake gina su, kuma dalilin faɗi ne, daga 2006 cikinta mita 1.87 ne, Sprinter 1.78. Santimita taran nan kamar ba komai ba amma ita ce ke sa ka shimfiɗa gado a gicciye daga bango zuwa bango maimakon a tsaye, kaga ka tsira da kusan rabin mita na fili, wajen sallaya ko wajen girki. Bangonta ma a miƙe yake, kafinta zai ji daɗin aiki. Matsalarta tayoyin gaba ne ke ja, ka ɗora gado da batir da jarkokin ruwa a baya sai gaban ya yi sauƙi, yashi ko taɓo kaɗan ta fara juya taya a wuri ɗaya. Kakarsu ita ce J5 da muka sani, wadda tun farkon shekarun 1990 aka daina ƙerawa a Turai, kuma duk wadda ta rage a nan ta yi shekara da shekaru tana kai tumatir da albasa kudu, ruwan tumatir ya gama da ƙasanta. Arha zata ja ka, kar ka biye mata. Sharon da Sienna da T4 kuwa na kwana ɗaya biyu ne, ka kwantar da kujeru ka jefa katifa shikenan, ba a kashe musu kuɗin kafinta.

Maganar mai, tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 mai fetur ya daina jin yana da wata gata, dizal ya fi nisa da lita ɗaya amma gyaran injinsa ya fi ɗaci. Masu sa tukunyar CNG su tuna tukunyar nan wurin gadonka zata cinye, kuma gidajen cika ta a manyan garuruwa suke.

'Yar Belgium ko 'yar gida? Mutane na ɗauka duk abin da ya sauko daga jirgi lafiyayye ne. A can gishiri suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuma daga ƙasa yake cin mota, sama fes ƙasa rubabbe. Na taɓa zuwa duba wata Sprinter fara tas an wanke ta har da man taya, na shimfiɗa kwali na shiga ƙarƙashi da tocila, na danna sukundireba a ƙarfen da ke ƙasan ƙofar gefe sai kawai ta shige kamar cikin biredi, garin tsatsa ya zubo min a fuska. An shafe wajen da baƙin fenti sabo. Tun ranar duk inda na ga sabon baƙin fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota nan nake fara dannawa. Ka tafi da ɗan maganaɗisu ka bi jikinta, inda ya ƙi kamawa foti aka cika. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka sa yaro ya kwarara ruwa a rufi kana ciki ƙofa a rufe, don rufin da ke yoyo in ka riga ka lulluɓe shi da katako ba zaka sani ba sai wari ya tashi. Inji kuma a tada shi da sanyin safiya a gabanka, ba wanda aka riga aka ɗumama ba. Wadda ta fito daga Ingila aka juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu ka barta, kana tafiya da gidanka ne a bayanka akan waldar wani. Takardun kwastan su yi daidai da lambar shasi harafi da harafi, a Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa ta tudu, kuma kai da kullum kana hanya shingen da zaka wuce ba adadi. In zaka sa tinti sai da izinin 'yan sanda, ni labule mai kauri na sa.

Kar ka zuba duk kuɗinka a saye, sai an yi birki da tayoyi da lagireto da shoka kafin a yi maganar katako ko ɗaya. In an zo ginin ciki kuma abin da zai fi amfanarka ba kabad bane, huda ce a rufi da fanka mai zuƙe iska waje, da taga a ƙasa-ƙasa mai ragar sauro inda sabuwar iska zata shigo. Farar mota ta fi mai duhu sanyi nesa ba kusa ba. Fanel ɗin sola in ka ɗaga shi ya bar ɗan tsakani da rufi ya zama rumfa kenan, riba biyu. Kar a cusa maka soson katifa a bango wai maganin zafi, yana shan ruwa yana kuma kama wuta. Kafintocinmu sun saba da katako mai kauri na ɗakin amarya, kace masa falawud mai milimita 9 ya isa yawancin wuri, kuma komai a ɗaure shi da noti a jikin ƙarfen motar, kabad ɗin da aka kafa da ƙusa ranar da ka taka birkin gaggawa a ƙeyarka zai sauka. Yawancin manyan nan kilo 3,500 ne iyakarsu har da kai da mai da komai, ruwa kaɗai lita ɗaya kilo ɗaya ne, jarka huɗu masu lita 25 kilo 100 kenan.

Batir nan ne fagena. Tubula, batir ɗin nan mai ruwa, mai 200Ah na kai kilo 60, rabin ƙarfinsa kawai zaka ci in kana so ya daɗe, ga ruwan batir da ke fantsama a gargada ga iskar da yake fitarwa lokacin caji a ɗakin da kake numfashi. Lithium irin LiFePO4 mai 100Ah bai fi kilo 12 ko 13 ba, yana riƙe wajen 1,280Wh kuma kusan duka zaka iya sha. Ya fi tsada amma a mota shi ne daidai. Da shi da fanel mai wat 400 zaka riƙe fanka da fitilu da caji da ƙaramin firij na 12V. Masu tambayar AC, mai doki ɗaya na jan wajen wat 750, yi lissafi da kanka, ko awa biyu ba zai kai ba batir ya mutu. Kuma ina roƙonka da girman Allah kar ka kwana da inji a kunne don sanyin AC, kar ka sa janareto kusa da taga, kar ka shigo da kaskon gawayi lokacin hunturu. Iskar da ke kashewa bata da wari bata da launi, mun sha jin gida guda an wayi gari babu su saboda janareto, balle ɗan akwatin ƙarfe. Tukunyar gas ta girki ta zauna a akwatinta da huda a ƙasan motar, don gas ya fi iska nauyi ƙasa yake kwanciya, girki kuma a waje ko ƙofa a wangale.

Ni da zan sake saye yau, da aikin ƙauyen da nake yi, hayis mai dogon rufi mai fetur zan koma wa duk da durƙuson, don dai na san ko ina ta tsaya zan samu mai tada ta. Da a ce aikina kan kwalta ne tsakanin manyan garuruwa, ko da iyali zan riƙa tafiya, Boxer ta 2006 zuwa sama zan nema saboda faɗin nan da tsayuwar. Akwai kuma wani abu da ya fifita ta ita da Sprinter wanda sai da na kwana a wurare da dama na gane, zaka iya tashi daga gado ka wuce kujerar direba ba tare da ka buɗe ƙofa ka fita ba in ka cire shingen tsakiya, a hayis kuwa sai ka haura tudun inji. A halin da hanyoyinmu suke ciki wannan ba ƙaramin abu bane. Bana kwana a bakin titi ko da wasa, kafin magariba na shiga gari na gaida mai gari ya nuna min inda zan tsaya, yawanci kusa da masallaci ko ƙofar gidansa, na juya gaban motar ya kalli hanyar fita, makulli kuma a ƙugiya ɗaya yake kwana kusa da kaina.