A cire tamostat a haɗa fanka dairet, ko a bar shi a nemo ainihin ciwon?

Malam, ka ce Corolla ɗinka 'yar 2006 ce, allurar zafi tana hawa in ka shiga gosulo musamman idan esi na kunne, amma da ka samu hanya ka taka sai ta sauko ta koma tsakiya. Bakanike na farko ya ce a cire tamostat (abin da ke buɗe wa ruwan inji hanya in ya yi zafi) a yar, a haɗa fanka dairet ta riƙa juyawa ba tsayawa, wai tamostat na ƙasar sanyi ne. Na biyu ya ce a bar shi inda yake, a duba fanka da rile (makunnin da ke ba fankar wuta), a wanke lagireto, a canza marfinsa, a zuba kulant (ruwan sanyaya inji). Kana son sanin wanne za ka bi. To ni na taɓa bin na farkon, daga baya na dawo na bi na biyun a mota ɗaya, don haka bari in jera maka su.

Ta fuskar kuɗin da za ka fitar yau kam na farko ya ci, babu gardama. Cikin awa ɗaya ya gama, ba abin da za ka saya sai ɗan guntun waya da gam, ka tashi mota allura ta kwanta ƙasa kamar ba ta taɓa hawa ba, ka tafi gida kana sa masa albarka. Na biyun zai cinye maka wuni, zai tura ka Ƙofar Ruwa ko Panteka neman marfi da rile, ga kuɗin rewaya, ga kuɗin mai wanke lagireto, kuma kulant na kirki ba arha yake ba. In dai lissafin aljihun yau ne to maganar ta ƙare.

Amma allurar nan da ta kwanta ƙasa ita ce abin da mutane ba su gane ba. Inji ba sanyi yake so ba, akwai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90 haka. Tamostat ɗin irin motarka yana fara buɗewa ne a kusan digiri 82, ka duba jikinsa za ka ga an buga lambar. Kafin nan yana rufe ruwa a cikin inji don ya yi saurin ɗaukar zafi, da ya kai sai ya buɗe ruwa ya tafi lagireto. Wato a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri da zafi ke haura digiri 40, tamostat mai lafiya a buɗe yake wuni, bai hana komai wucewa ba. Maganar na ƙasar sanyi ne ba ta da tushe, Toyota ɗin da ake sayarwa sabuwa a Saudiyya da Dubai da tamostat take zuwa, kuma wa ya fi su rana?

A ganina wannan ɗabi'ar tun zamanin Fijo 504 aka gaje ta, lokacin kafireto, mota ba ta da kwakwalwa, ka cire mata abu ba ta san ka cire ba. Taka kuwa tana da biren bos, wato kwakwalwar mota, kuma akwai sensa da ke gaya masa zafin ruwa. In ya ga injin bai ɗumama ba sai ya ɗauka har yanzu safiya ce, ya ci gaba da ƙara mai. Nan ne hanyar farko take karɓar kuɗinta a hankali, a gidan mai, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 ba wanda zai ce bai damu da lita ɗaya ba. Ni da aka yi mini, ban haɗa abin da tamostat ba sam, kawai na ga mai yana saurin ƙarewa, fulogi suna yin baƙi, da sanyin safiya lokacin hunturu in bar gida in isa wajen aiki allura ko motsi ba ta yi ba. Man da bai ƙone ba kuma yana gangarawa ya tsinka baƙin mai. Wasu motocin har cek injin za su kunna maka. Da na biyun kuwa, minti kaɗan allura ta hau ta tsaya ƙasa da rabi kaɗan, kuma nan za ta zauna ko Jos ka je ko Damaturu.

Akwai kuma wani abu da ba kowane bakanike ya sani ba. A injuna da yawa tamostat aiki biyu yake yi, idan ya buɗe hanyar lagireto sai gindinsa ya toshe wata ƙaramar hanya da ruwa ke bi yana zagayawa cikin inji kawai. In ka cire shi waccan hanyar ta zauna a buɗe, wani ruwan ya riƙa yanke bai je lagireto ba. Shi ya sa za ka ji wani yana cewa na cire tamostat amma a doguwar tafiya motar tana zafi.

Sai fanka. Dairet yana nufin daga murɗa makulli tana juyawa har ka kashe mota, ko ana buƙatarta ko ba a buƙata. Motar fanka, wato ɗan injin lantarkin da ke juya fankar, ba a yi ta don haka ba, tana saurin cinyewa, ga nauyi a kan batir da altaneta, kuma in rewayan ya tsallake fiyus to waya na iya narkewa a ƙarƙashin bonet. Abin haushin shi ne ranar da za ta mutu ba sallama, kuma a gosulo za ta mutu. Ni a Kurna ta yi mini, ana dab da shan ruwa, gaba motoci baya motoci, sai ƙaurin roba da tururi na fita ta gefen bonet, 'yan adaidaita suna ta hon suna nuna mini gaban motar kamar ban gani ba.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce na biyu ya fi kusa da ciwon motarka. Kai da bakinka ka ce a gosulo take zafi, a kan hanya ta sauko. Idan kana gudu iska ce take shiga lagireto da kanta, ba ruwanta da fanka, idan ka tsaya kuwa fanka ce kaɗai. To ai motar ta riga ta faɗi inda ke mata ciwo. Da tamostat ne ya maƙale a rufe, da ko'ina za ta yi zafi, a hanyar Zariya ma sai ta fi yi, kuma cikin mintuna kaɗan. Wanda tasa ke lafiya lau a gari amma ta hau ja kafin Kwanar Dangora, shi ne zai zargi toshewar lagireto ko famfon ruwan inji. Na farkon ma in ka lura rabin maganinsa ne ke aiki, wato tilasta wa fanka juyawa, tamostat ɗin kawai tsautsayi ne ya faɗa masa.

Gwada da kanka kafin ka ba kowa kuɗi. Tada mota a tsaye ka kunna esi, ka buɗe bonet ka gani, ya kamata fanka ta tashi. In ba ta tashi ba, ko tana juyawa a kasalance, to ko fiyus ko rile ko soket ko ita kanta motar fankar. Sa 'yar takarda a gaban giril, ya kamata ta manne, in tana turo ta waje to wani ya taɓa juya wayoyin. Ka haska tsakanin kwandensan esi da lagireto, ƙurar hunturu da leda da ƙwari suna yin katanga a wurin. In kuma kana zargin tamostat, a ciro shi a jefa cikin tukunyar ruwa a kan wuta kana kallo, kafin ruwan ya tafasa za ka ga bakinsa ya buɗe, in ya ƙi to ya mutu, a sa wani.

Marfin lagireto kuma kar ka raina shi don ƙarami ne. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, marfin ne ke riƙe furesha har ya iya kai wajen 120 bai tafasa ba. Akwai lamba a kansa, 0.9 ko 1.1, ka sayi mai lamba irin ta asalin. In robarsa ta tsage ruwa zai riƙa guduwa ta 'yar tankin gefe kana ƙarawa kullum kana neman inda yake yoyo. Kuma a daina ɗura ruwan rijiyar burtsatse, shi ke barin farin dutse irin na cikin butar shayi a cikin 'yan siraran hanyoyin lagireto, ga tsatsa. Kulant na Toyota ja ne ko ruwan hoda, amma ka kula, akwai ruwan kala zalla a jarka a kasuwa.

Inda zan ba na farko gaskiya wuri biyu ne. In tamostat ya maƙale maka a daji da rana tsaka, cire shi ka ƙarasa gari, wannan dabara ce mai kyau, haka haɗa fanka dairet na kwana ɗaya ko biyu. Sannan jabun tamostat sun yi yawa, bakaniken da ya sa sabo ya maƙale ya ƙona wa kwastoma gasket ba zai so ya sake ba, shi ya sa wasu suka gwammace tsohon Beljiyom da aka gwada a ruwan zafi a kan sabo mai kwali mai ƙyalli.

Abu ɗaya da in ka gan shi duk wannan kwatancen bai shafe ka ba: da safe injin na sanyi ka buɗe marfi ka tada mota, in ka ga kumfa na ta tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko farin hayaƙi mai kauri na fita a salansa bayan mota ta ɗumama, to tof gasket ne ya ƙone, wato gasket ɗin da ke ƙarƙashin kan silinda, kan silindar kuma alminiyom ne yana iya lanƙwashewa sai an kai an goge shi. Kafin ka je gareji dai, in allura ta doshi ja ka kashe esi, ka kunna hita har ƙarshe ko da za ka jiƙe da gumi, ka faka ka kashe. Kar ka buɗe marfin da zafinsa wallahi, kuma kar ka yarda yaran bakin titi su kwara wa injin ruwan leda, ka ba shi kamar rabin awa tukuna.