Dala 99 daga Home zuwa Pro: abin da na samu, da rangwamen da na daɗe ina jira

Shagona yana Nima a birnin Accra, a wani lungu bayan babban titi. Aikinmu buga takardu ne: wasiƙar neman aiki, katin ɗaurin aure da na suna, hoton fasfo, da cike fom ta intanet ga wanda bai iya ba. A ƙarshen 2025 na sayi sabuwar kwamfuta, ta zo da Windows 11 Home a ciki, na ƙara dala 99 na mayar da ita Pro, wato babban bugun da ya fi Home kayan aiki. Tun daga nan abokan sana'a suke tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Wani ƙanena mai shago a Maamobi shi ya yi tambayar da ta fi taɓa ni: "Yaya, kai da ka daɗe kana sayen babban bugu, ba su rage maka komai ba?" Ba a rage mini ko sisi ba. Dala 99 ɗin da sabon shiga zai biya, ita na biya.

Wannan maganar rangwame tun 2008 nake tare da ita. A shekarar ce kawuna ya ba ni jari na buɗe shago, ya ce in sayi abu mai kyau sau ɗaya in huta. Na tafi Circle, inda duk mai neman waya ko kwamfuta a Accra yake ƙarewa, na faɗa hannun wani mai shago mai zaƙin baki. Ya ɗauko kwalin Windows Vista Ultimate, baƙi wuluk mai sheƙi, ya ajiye a gabana. Wannan shi ne bugun da ya fi kowanne tsada, dala 399 aka sa masa lokacin da ya fito a Janairun 2007. Ya ce da ni, "Maigida, wanda ya sayi wannan ya zama ɗan gida. Duk ranar da sabo ya fito, ku za a fara rage wa." Na yarda da shi, domin haka muka sani a kasuwa. Matar da kake sayen shinkafa da wake a wurinta kullum, wata rana za ta ƙara maka gyara ba ka roƙa ba. Sai daga baya na karanta takardun da ke cikin kwalin layi-layi, babu inda kamfanin Microsoft ya yi wannan alkawari. Mai shago ne ya ƙirƙira don ya sayar da hajarsa.

Abin da aka yi wa masu Ultimate alkawari wasu ƙananan ƙare-ƙare ne da ake saukewa daga intanet: hoto mai motsi a fuskar kwamfuta da ake kira DreamScene, wani wasan karta, wasu sautuka, da kayan shirya faifai don kulle shi. Akwai kuma damar sauya harshen kwamfutar gaba ɗaya zuwa Larabci ko Faransanci, kuma wannan kam ya yi mini amfani. Malamanmu na makarantun Islamiyya da baƙi 'yan Nijar da Togo kan zauna su yi aiki da kansu idan sun ga harshen da suka saba. Hoto mai motsi kuwa kwana biyu ya yi na kashe shi, injin yana nishi.

Sai 2009. Kafin Windows 7 ya fito ranar 22 ga Oktoba, an buɗe sayen riga-kafi da rangwame mai tsoka. A Amurka daga 26 ga Yuni zuwa 11 ga Yuli, ɗaukakawa zuwa Home Premium ta sauko dala 49.99 maimakon 119.99, ta Professional kuma 99.99 maimakon 199.99. Ultimate ba ya cikin wannan garaɓasa, farashinsa dala 219.99 ya tsaya. Akwai kuma wani ƙulli da mutane da yawa ba su lura da shi ba sai da suka zo sakawa: mai Vista Ultimate da yake so ya hau Windows 7 ba tare da ya share komai ba, sai dai ya hau Ultimate. In ya ce zai sauko Professional don arha, to sai ya sake saka komai daga tushe, manhajar buga takardu, direban firinta, nau'o'in rubutun Larabci, duka. Ni a lokacin injin nan ɗaya shi ne shagon. Ba zan iya rufe ƙofa kwana biyu ba. Wani ɗan'uwanmu da ke Bronx a New York ya sayo mini kwalin Ultimate a cikakken farashi, ya ba wani mai dawowa gida ya kawo. A wannan shekarar ne Apple ya sayar da Snow Leopard, sabuwar manhajar kwamfutocinsa na Mac, dala 29, ko da yake su bugu ɗaya suke yi wa mai amfanin yau da kullum, kuma sun riga sun ci ribarsu a kuɗin injin.

Na koma wurin mai shagon nan na Circle na tuna masa maganarsa. Ya ce shi bai tuna ba. Ban ja da shi ba, na juyo.

Gaskiya ɗaya ce, kuma dole in faɗe ta: babban bugun ya rama mini, sai dai ta hanyar da ban zata ba. Ranar 29 ga Yulin 2015 aka buɗe hawa Windows 10 kyauta na shekara guda ga masu Windows 7 da 8.1. Kowa aka ba shi daidai matsayinsa. Mai Home Premium ya samu Home, mai Professional da mai Ultimate suka samu Pro. Lokacin ana tsakiyar dumsor, wato matsalar ɗauke wuta a Ghana, wuta tana zuwa tana tafiya, sai da na kwana a shago ina gadin saukewar don kada a ɗauke wuta a tsakiya. Da asuba na ga Pro a fuskar injin ban biya komai ba, maƙwabcina mai Home Premium kuma ya tashi da Home. Shekara 10 na ci moriyar wannan lasisi. Amma ka lura, wanda ya sayi Professional a rangwamen dala 99.99 a 2009 shi ma Pro ɗin nan ya samu, iri ɗaya da nawa.

Ranar 14 ga Oktoban 2025 aka daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Tsohon injina ba shi da guntun tsaron nan TPM 2.0 da Windows 11 yake buƙata. Na cire shi daga intanet, yarana masu koyon aiki suna buga rubutu a kansa, lasisinsa yana tare da shi. Shi ya sa sabon injin ya buƙaci nasa.

Sayen kansa bai ba ni wahala ba. Ta cikin saitunan injin, wurin kunna lasisi, akwai maɓallin da zai kai ka shagon Microsoft. Na tura kuɗi daga MoMo zuwa asusun banki, na biya da katin Visa, a canjin ranar ya ɗan haura sidi 1,000. Injin ya kashe kansa ya kunna, kafin in gama shan kokon safe ya dawo da Pro. Babu fayil ɗin da ya ɓata, firinta ba ta nemi a sake saka ta ba. Wanda ya sha wahalar zamanin faifan DVD zai san darajar wannan.

Abin da ya sa na biya tun farko shi ne BitLocker, manhajar da take kulle faifai yadda ba mai karanta abin da ke ciki sai mai mabuɗi. A cikin injin nan akwai hotunan Ghana Card na mutane, fasfo, takardun haihuwa, takardun fili. Wata Hajiya ta taɓa miƙo mini fasfonta da na 'ya'yanta huɗu a ƙulle cikin leda, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, amana ce." Idan ɓarawo ya fasa shago ya ɗauke injin, ba ƙarfen ne zai hana ni barci ba, waɗannan takardun ne. Home ma yana da nasa kullen faifai a injunan da suka cika sharaɗi, wannan gaskiya ne, kada mai sayarwa ya ce maka babu. Amma ba ya kulle filashi. Ni kuwa kowace Juma'a nakan kwafe aikin mako a filashi in tafi da shi gida cikin trotro. Yanzu ko ya faɗi daga aljihuna, wanda ya tsinta ba zai ga komai ba sai wurin saka kalmar sirri.

Na biyu shi ne Sandbox, wanda ban san zan so shi haka ba. Wata 'yar kwamfuta ce ta wucin gadi da take buɗewa a cikin taga. Idan ɗalibi ya kawo fayil da ban yarda da shi ba, irin wanda aka turo masa ta WhatsApp wai fom ne na tallafin karatu, a ciki nake buɗe shi. Da na rufe tagar, komai na ciki ya shafe. Yana cin ƙwaƙwalwar injin sosai, mai gigabait 4 kada ma ya gwada. Sai kuma dokokin da maigida zai iya kafa wa injin. Na hana asusun yaran shago kwafar komai zuwa filashi, kuma sai da na yi yamma biyu ina lalube kafin in gano inda saitin yake, domin wurin ba a yi shi don baƙo ba. Damar shiga injin daga wani injin na gwada ta sau ɗaya daga ɗakin ciki, ta yi aiki, ban sake buƙatarta ba. Hyper-V, mai kunna wata kwamfuta a cikin kwamfuta, ban taɓa shi ba.

Wajen sauri kuwa babu bambanci ko kaɗan. Pro bai sa injin gudu ba, bai sa hoto ya fi kyau ba. Har yanzu a Circle ana ce wa mutane Pro ya fi ƙarfi, ana saka musu shi da ɗan mabuɗi na kuɗi kaɗan. Da yawa daga cikin mabuɗan nan na kamfanoni ne da aka sayar wa mutum fiye da ɗaya. Na ga injin da bayan wasu watanni rubutun nan mai dishi-dishi ya fito a kusurwar dama ta ƙasa yana neman a kunna lasisi, mai injin kuma ba shi da rasit ɗin da zai nuna wa kowa.

Har gobe ina ganin wanda ya biya mafi tsada ya cancanci a tuna da shi ranar da sabo ya fito, ko da kaɗan ne. Haka aka rene ni a kasuwa, kuma ban canza ra'ayi ba. Amma ba na sake sa wannan a lissafina. 'Yar yayata da ta samu gurbi a Jami'ar Ghana da ke Legon ta zo da kuɗinta ta ce, "Kawu, Pro zan saya irin naka." Na tambaye ta takardun wa za ta ajiye a ciki. Ta ce nata. Na ce ta tsaya a Home, ta ƙara wa injin ƙwaƙwalwa da sauran kuɗin, haka kuwa ta yi.

Ranar da na kunna BitLocker, injin ya ba ni mabuɗin ceto mai lambobi 48, wanda in ya ɓata kuma kulle ya tashi, babu gwanin da zai buɗe faifan. Na buga shi a takarda, na naɗe, na rasa inda zan ajiye a gida da yara ba za su kai hannu ba. Sai na tuna da baƙin kwalin Windows 7 Ultimate da ke saman kabad tun 2009, faifansa har yanzu a ciki. Nan na saka takardar.