Gargaɗi ga masu gonaki: damfarar na'urar tono "dukiyar Turawa"

Jama'a, musamman masu gona kusa da tsohon bariki, kufai ko tsohuwar tashar jirgin ƙasa, a yi hattara da masu yawo da rani suna cewa Turawan mulkin mallaka sun binne dukiya a gonar mutum, wai kuma suna da na'urar da za ta nuna wurin. Damfara ce mai tsari. Yawanci mutum uku ke yin ta, suna nuna kamar ba su san juna ba.

Na farko shi ne "mai saye". Zai zo da shiga ta mutunci, ya nuna hoton kobo mai huda a waya, ya ce akwai kamfani a waje da ke sayen irinsa da kuɗi mai kauri, ya bar lamba ya tafi. Bayan 'yan kwanaki sai na biyu ya ɓullo da na'ura, ya ce gwajin farko kyauta ne. Zai zaga gonar, na'ura ta yi ƙara, a sa fartanya, sai ga kwabo biyu ko uku. Daga nan zance ya canza: wai waɗannan alama ce, tukunya ko akwatin yana can ƙasa, sai an yi hayar babbar na'ura. Ka biya haya, ka biya masu tono. Na uku "mai gwaji" ne, shi zai ce kayan na gaske ne amma sai an biya kuɗin sinadarin wankewa da na takardar fita da su. Duk lokacin da ka kira mai saye zai ƙara farashi don kada ka janye. Ranar da ka ce aljihu ya bushe, ko ka riga ka jinginar da gonar, layukan uku za su mutu tare.

Kwabon da aka "gano" su suka binne shi da dare, kuma ƙasa tana tona asirinsu. Ƙasar rani da ba a taɓa ba tana da tauri, sai an sa ƙarfi. Inda aka yi binnen jiya fartanya za ta nutse da sauƙi, za ka ga busasshiyar ciyawa ko karan bana a ƙasan ramin, saiwoyi kuma a yanke. Dubi kuɗin ma. Farin kobo da ya yi shekaru a ƙasa yakan rine ya koma ruwan ƙasa mai ja-ja, na tagulla ya yi kore, ƙasa ta manne a cikin hudar da tsakanin haruffa. In ka goga da yatsa ya fito fes, daga aljihu ya zo.

Na'urar gano ƙarfe ta gaskiya tana da faifai a ƙasan sanda, da akwatin batir, da abin saurare na kunne. Faifan yana aika maganaɗisu cikin ƙasa, ƙarfen da ke kusa ya mayar da amsa. Dole faifan ya bi dab da ƙasa, ana kaɗa shi a hankali. Kwabo ɗaya ba a cika jin sa ba in ya wuce zurfin santimita 20 zuwa 30, babban abu kamar tukunyar ƙarfe kuwa wajen mita ɗaya, shi ma sai ƙasa ta yi kyau. A jar ƙasa mai marmara abin ya fi wuya, domin ita kanta tana ɗauke da ƙarfe, na'ura za ta riƙa kuka ba dalili in ba a daidaita ta da ƙasar wurin ba. Don haka duk wanda ya ce maka tasa na ganin mita goma a ƙasa, ko tana jiyo zinariya daga nisan kilomita, ko tana faɗin shekarar da aka buga kuɗi, ƙarya yake yi.

Mafi muni ita ce mai eriya guda ko biyu da ke juyawa a kan mariƙi. Babu abin da ke juya eriyar sai hannun mai riƙe da ita. Ya ɗan karkata wuyan hannu, ta nuna inda yake so. Irin wannan ce wani ɗan Birtaniya, James McCormick, ya sayar wa Iraƙi a matsayin na'urar gano bam, kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 10 a 2013. Gwada ta ba wuya. Samo kwanonin roba goma iri ɗaya, ka jera su da tazarar taku biyar-biyar, ka sa kwabo a ƙarƙashin ɗaya ba tare da mai na'urar ko abokansa sun gani ba, wanda ya ɓoye ma ya bar wurin. A maimaita sau goma. Na'ura ta gaskiya za ta samu kusan kowane karo, mai eriya kuwa sai dai dace, kamar sau ɗaya cikin goma. Yawanci da jin sharaɗin za su ce rana ta yi zafi ko batir ya yi sanyi.

To a ce ma kuɗin na gaske ne, nawa yake? Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da Ingila ta kafa a 1912 ta buga anini, ɗari (rabin kobo) da kobo masu huda da tauraro mai kusurwa shida, miliyoyi a kan miliyoyi, don Najeriya, Ghana, Saliyo da Gambiya, har zuwa ƙarshen shekarun 1950. Babu zinariya ko azurfa a cikinsu. Haɗin tagulla da nikel ne, daga 1952 aka koma tagulla. Sule mai bishiyar kwakwa azurfa ne daga 1913 zuwa 1920 kawai, bayan nan rawayan ƙarfe ne. 'Yan damfarar sukan ruɗi mutane da kobon 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas, wanda ya yi murabus a shekarar, amma shi ma an buga shi da yawa, yana nan birjik a hannun masu tara tsofaffin kuɗi. Liyari mai hoton Sarauniya Maria Theresa ta Austriya kuma, kada shekarar 1780 da ke jikinsa ta ɗauke maka hankali, duk wanda aka sake bugawa daga baya ita yake ɗauke da ita. Nauyinsa giram 28 ne, azurfarsa kashi 83 cikin ɗari, darajarsa ba ta yi nisa da ta azurfar ba. Akwai 'yan shekarun da kuɗinsu ba su da yawa, gaskiya ne, sai dai masu saye lafiyar kwabo suke biya, wanda ƙasa da taki suka ci kuwa ya riga ya faɗi.

In suka ce sai kwabon da ke jan allura ko reza suke saye, ka sani waɗannan kuɗaɗe mayen ƙarfe ba ya kama su, su ma ba sa jan komai. Wanda ya ja, an yi masa dabara ne.

Wasu kuma da zancen jar zaiba suke zuwa, wani sinadari da suke cewa yana da tsadar gaske, wai Turawa sun ɓoye ta a cikin ginshiƙan simintin safiyo, tsohon dutsen guga ko keken ɗinki. Babu wani abu mai wannan suna da ke da darajar da suke faɗa. Jita-jitar ce ta sa farashin tsofaffin kekunan Singer ya yi tashin gwauron zabo a Saudiyya a 2009, ba a kuma samu komai ba. Ginshiƙin safiyo alamar awo ce, siminti da guntun ƙarfe. Fasa shi laifi ne, kuma yana iya jawo rikicin iyaka da maƙwabci.

Sannan ga doka. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana tono kayan tarihi ba tare da izininta ba, ta hana sayar da su ga wanda ba wakilinta ba, ta hana fita da su waje sai da takardarta. 'Yan damfarar sun san haka, shi ya sa suke cewa ka rufe bakinka. Sun san wanda ya yi tono a ɓoye zai ji tsoron kai ƙara. In garma ta turo wani tsohon abu, a ɗauki hotonsa a inda yake, kada a kankare shi da toka, yashi ko ruwan batir, a sanar da mai gari da gidan tarihi mafi kusa, kamar Gidan Makama a Kano ko na Kaduna da Jos. In ƙarfe ne mai kama da harsashi ko gurneti, musamman a Arewa maso Gabas, kada a taɓa, a janye yara a kira jami'an tsaro.

Wanda ya riga ya biya kuɗi ya tsaya haka, kada ya ƙara ko sisi da sunan ceto na baya. Ya adana lambobin waya, saƙonnin WhatsApp, shaidar tura kuɗi da sunan asusun, ya sanar da bankinsa nan take, sannan ya kai wa 'yan sanda ko EFCC. Ramukan da aka bari a gona kuma a cike su kafin damina, jar ƙasar ƙasa ta fara komawa, baƙar ta sama ta biyo baya, in ba haka ba wurin zai daɗe bai ba da amfani ba.