Kafin a Sayi Kebul ɗin Faiba: A Rataye, A Binne, Ko A Zura a Bututu?

Kamfanin sadarwa da ke shirin shimfiɗa faiba, wato kebul mai siraran zaren gilashi da ke ɗaukar bayanai ta hanyar haske, yakan fara tambayar farashin kebul, alhali kebul ɗin ne mai arha a duk aikin. Haƙar rami, kuɗin izinin bin gefen titi da gyaran abin da aka fasa su ne ke cinye kuɗin. Saboda haka a fara tsai da shawarar inda kebul zai bi, sama ko ƙasa, domin wannan ne ke nuna irin wanda za a saya.

Ratayewa a falwaya ta fi sauri kuma ta fi arha. Kebul ɗin da ake kira ADSS babu ƙarfe a cikinsa, shi ya sa yake iya zama kusa da wayar lantarki. Ana sayensa ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin falwaya biyu: wanda aka ƙera don mita 100, in aka ja shi mita 200, zai yi ciki ya sauko, zaren ya wahala. Idan zai bi manyan layukan wuta, sai an nemi mai rigar da ke jure tartsatsi, don ƙura da raɓa kan taru a jikinsa su ƙone robar sannu a hankali. Sauran maƙiyansa sanannu ne: babbar mota mai lodi sama da kai, gobarar daji da rani, da guguwar farkon damina.

Binnewa kai tsaye na buƙatar kebul mai sulken ƙarfe saboda ɓera da gafiya, a zurfin mita 1 zuwa 1.2, da kirtanin gargaɗi kamar santimita 30 a samansa. Aibinsa ɗaya ne: ranar da aka so ƙari, sai an sake haƙa.

A babbar hanya tsakanin birane, bututun roba na HDPE mai faɗin milimita 40 ya fi. Tunda an riga an buɗe rami, a zuba bututu biyu ko uku, ba ɗaya ba. A hura kebul da iska mai ƙarfi cikin guda, a toshe bakin sauran kada laka ta shiga. Su ne jarin gobe, ana iya ba wani kamfanin hayarsu. Wajen tsallaka kwalta a huda ta ƙarƙashi, a gada kuwa a sa bututun ƙarfe. A Nijeriya an amince da naira 145 kan kowace mita a matsayin kuɗin izinin hanya, wato naira miliyan 14.5 a kilomita 100, amma ba kowace jiha ce ke bin wannan ba. Kaduna ma ta yafe kuɗin a 2020. A tambayi jihar a rubuce ko kuɗin na rami ne ko na kowane bututu, kafin a sa hannu.

Zaren gilashin kansa ba shi da wahalar zaɓe. G.652.D shi ne na yau da kullum a doguwar hanya da cikin gari. G.657.A2 yana jure lanƙwasa har milimita 7.5, shi ake shiga da shi gidaje da ofisoshi inda lungu ya yi yawa, kuma yana haɗuwa da na farkon ba matsala. Yawan zare kuma, in lissafi ya ce 24, a sayi 48. Bambancin kuɗin bai kai na komawa haƙa ba.

Inda aka fi yin sakaci shi ne lissafin hasarar haske. A ɗauki hanya mai kilomita 80. A zangon haske na nanomita (nm) 1550 zare na cin kamar 0.22 dB (ma'aunin hasarar haske) a kowace kilomita, ya zama 17.6. Idan naɗin kebul na kilomita 4 ne, za a yi haɗi wajen 20, kowanne a ba shi 0.1, an samu 2. Kawunan jona biyu, 1. Ajiyar gyara, 3. Jimla 23.6 dB, alhali yawancin na'urorin aika haske masu gudun gigabit 10 (10G) da lakabin kilomita 80 kusan 23 dB suke ɗauka. Ke nan lakabin kwali ya ce ya isa, lissafi ya ce bai kai ba. Kuma duk lokacin da katafilar masu aikin titi ta tsinke kebul, gyaran yakan ƙara haɗi biyu. Mafita ita ce ko dai a sa na'urar ƙara ƙarfin haske, ko a kafa tasha a tsakiya. A kowane akwatin haɗi a bar rarar kebul ta mita 15 zuwa 20 a naɗe, don mai gyara ya samu abin ja.

Mai kai faiba gidaje zai zaɓa tsakanin fasahohi biyu na raba zare ɗaya ga gidaje da yawa: GPON, mai gigabit 2.5 saukowa da 1.25 hawa, da XGS-PON mai 10 kowane ɓangare. Dukansu na iya bin zare ɗaya, don haka ana iya farawa da na farko. GPON ajin B+ na ɗaukar 28 dB; mai raba haske gida 32 yana cin kamar 17, mai raba shi 64 ya haura 20, abin da ya rage wa nisa bai taka kara ya karya ba. Kan jona kore da shuɗi ba sa zama tare: koren bakinsa a karkace yake, in aka haɗa su haske ya zube, gilashin ma ya iya lalacewa.

Idan an sayi hanya ta biyu don ko-ta-kwana, a nemi taswirarta a gani da ido. Kebul biyu a rami ɗaya, ko masu tsallaka gada ɗaya, rana ɗaya suke tsinkewa. Kowane naɗi a gwada shi da OTDR, na'urar da ke auna hasarar haske a tsawon zare, tun yana kan mota, a sake gwadawa bayan shimfiɗa ta ɓangarori biyu a zangon 1310 da 1550 nm, kuma a riƙe kason ƙarshe na kuɗin ɗan kwangila har sai ya kawo sakamakon gwajin da taswirar inda kowane akwatin haɗi yake.